Mai Gadin Sanyi

Ɓarawon da nake gadi ba ya haura katanga.
Da hantsi yake zuwa, ta kan rufin kwano,
ya miƙe ƙafa a kan tanki na uku
kamar gadon ubansa.

A Wad Madani, bayan tashar manyan motoci,
inda injin niƙa ke tari tun asuba,
aka ba ni littafi, da biro ɗaure da zare.
Usta Abdulgayyum ya ce: Sidiƙu,
man waken suya ɗan gata ne,
ta Bur Sudan ya shigo, da kuɗin waje.
Kada allurar nan ta haura talatin.
In ta haura, kira ni, ko ina kan sallaya.

Talatin!
A garin da ƙarfen ƙofa ke gasa tafin hannu.

Mun shafe tankunan da farar ƙasa,
mun kafa musu rumfar zana.
Buhunan dusa mun ɗora kan katako,
taki ɗaya tsakaninsu da bango
don iska ta sami hanyar zuwa gaisuwa.
Tunkuza gabas, angurya yamma,
dawa a tsakiya tana ji da kanta.
Garin bitamin kuwa, ɗaki guda aka ba shi
mai na'urar sanyi.
Ya fi ni wurin kwana.

Ran Asabar Hajja Sittana ta zo da jakinta,
ta ce kajinta sun kau da baki,
sun shinshina abincin sun koma gindin bango.
Na buɗe mata littafi, shafi bayan shafi:
ashirin da tara, ashirin da tara.
Na ce, Hajja, lamba ba ta ƙarya.
Ta dube ni, ta gyara lulluɓi, ta tafi.

Ran Laraba wuta ta ɗauke da azahar.
Janareta ya yi atishawa biyu, ya yi shiru.
Fankoki suka sake hannu.
La'asar: ashirin da tara. Na rubuta.
Magariba: ashirin da tara.
Gumina ya ɗiga kan lambar, ta narke.

Nan na tuna kakana Jatau a Mai Wurno,
wanda bai taɓa riƙe biro ba.
Yakan nutsa hannu a rumbu har kafaɗa,
ya lumshe ido, ya saurara da fata,
ya ce: hatsin nan zazzaɓi yake yi, a fitar.

Na naɗe hannun riga.
Dusa ta karɓe ni da ɗumi
irin na hammatar majinyaci,
da warin fumfuna can ƙasa-ƙasa.
Na dafa cikin tanki, ya cije ni.
Na ɗalli gilashin ma'auni da farce:
allura ta zabura kamar an tashe ta a barci,
ta faɗa arba'in da ɗaya.
Ashe tsatsa ce ta riƙe mata wuya.
Kwana nawa? Allah masani.

Usta ya zo da takalmi wari-wari.
Muka tare masu kurar ruwa daga bakin kogi,
muka jiƙa buhunan algarara,
muka lulluɓe tankunan kamar masu masassara.
Muka baje dusa a fili, ƙarƙashin taurari,
da shebur, da hannu, da marfin durom.
Tanki biyu suka tsira.
Na ukun ya riga ya juya:
na lasa, ya kama mini maƙogwaro har asuba.

Yanzu layi biyu nake ja a littafi:
abin da allura ta ce,
abin da hannu ya ce.

Gobe Juma'a zan je gidan Hajja Sittana
da buhu ɗaya a kan kekena, daga albashina.
Ban san yadda ake ba kaji haƙuri ba.
Su da ba su yi makaranta ba
sun riga ni karanta man.